Kafaɗar Surukina

Shekarata ashirin da biyu a gidan nan, ban taɓa kiran sunan surukina ba, Ata, wato Baba, kawai nake ce masa, ko yatsansa kuma ban taɓa taɓawa ba. Shayi ma da hannu biyu nake miƙa masa, kaina a ƙasa. To ranar da goɗiya ta kayar da shi a makiyayar rani, can saman duwatsu, ba kowa a tanti daga ni sai matarsa, tsohuwa Kaliman, wadda ko butar shayi ba ta iya ɗagawa. Mijina Toktosun ya gangara gari da tumaki, tafiyar yini biyu a kan doki.

Abin haushin, Ata shi ne maɗorin kwarin nan kaf. Ƙafar kowa ya ɗora, yau ga shi zaune a kan shimfiɗa, hannun dama na reto, gumi na tsattsafo masa.

"Jipar, matso," ya ce. "Kafaɗa ce ta goce. In ta kwana a haka ta kumbura, hannun nan ya zama na ado."

"Ata, a jira Toktosun."

"Toktosun? Wanda in ya ga jinin kaza sai ya nemi wurin zama?"

Kaliman ta ja tsaki. "Tsoho da kai, shekara saba'in da huɗu, kana hawan goɗiyar da ba a horar ba. Ke kuma ajiye kunyar nan a bakin ƙofa, kya ɗauka in kin gama."

Ya sa na fara taɓa lafiyayyar kafaɗar.

"Kin ji kan ƙashin nan, mulmulalle kamar ƙwai? Cikin ɗan kwarmi yake zaune, jijiyoyi na riƙe da shi. To taɓa ɗayar."

Na taɓa, na ji rami. Kan ƙashin ya zame ya yi wajen hammata.

Ya kwanta rigingine. "Cire takalminki. Sa diddigenki a hammatata, ki kama hannun."

Ni Jipar, ƙafata a hammatar uban mijina. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma na ga leɓɓansa sun yi fari fat, sai tausayi ya fi ƙarfin kunyar.

"Kada ki fizga. Ja sannu sannu har naman ya gaji ya saki."

Na yi ta ja, bayana na ƙagewa, Kaliman na ta salati. Can sai na ji ƙwas a tafin ƙafata. Ata ya sauke dogon numfashi, ya motsa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, duk biyar ɗin suka amsa.

Sai dai ya kama wuyan hannuna, bai saki ba. Babban yatsansa ya yi ta bin ƙashin, ya je ya dawo, ya tsaya wuri guda.

"Wannan fa?"

"Ba komai, Ata."

"Ƙasusuwa biyu ne a sangalin hannu, suna tafe a jere. Naki na gefen babban yatsa ya taɓa karyewa, ya haɗe a karkace. Yaushe?"

"Shekarar da aka kawo ni. Na zame a kan ƙanƙara da bokitin ruwa. Na naɗe shi da kallabi, na ja hannun riga na rufe."

"Ni ina ina a lokacin?"

"Kuna ɗaki, kuna yi wa wani baƙo ɗori."

"Me ya hana ki nuna mini?"

"Ata, ya amarya za ta miƙa wa surukinta hannu?"

Ya sake shafa ƙashin da babban yatsansa.

"Yana miki ciwo in sanyi ya sauko?"

"Kowace shekara."

Ba wanda ya taɓa tambayata, sai kawai na ji hawaye. Ya ce wa Kaliman ta miƙo kitsen wutsiyar rago, ya lakato da hannun da na gama gyarawa yanzun nan, ya fara murza mini wurin a hankali.

"Ata, a ɗaure kafaɗar tukuna."

"Bar ta, 'yata," ya ce. "Wannan ya fi ta daɗewa yana jira."