Kafaɗar Nas

Duk shekara, kafin a sabunta wa mai lodin kayan jirgin sama katin shiga filin jirgi, sai ya tsallake gwaji uku: ɗaga jaka mai kilo talatin, duba ido, da duba kunne. Kawu ya wuce biyun farko kafin ƙarfe goma. Na ukun ne ya hana shi karyawa da safe.

Shekara goma sha tara ke nan yana durƙuso a cikin jirgi yana jera akwatunan mutane. Gwiwoyinsa sun yi kanta. Kunnen kuwa ƙarar inji ta cinye shi a hankali, kamar gara da ƙofa. A fili ba wanda ya lura, don can da hannu ake magana.

A kan bencin jira, direban motar jan kaya ya zungure shi. "Kawu, in ka faɗi kada ka damu. Matarka ta daɗe da cewa ba ka jin magana."

Kawu ya bi bakinsa da ido, ya yi dariya a inda ya kamata.

Nas ta shigar da shi wani ɗaki mai tagar gilashi, ta ɗora masa abin sauraro a kunne, ta miƙa masa maɓalli. "Baba, da ka ji ƙara sai ka danna."

Ta fita ta zauna a bayan gilashin. Ya ji ta farko, ya ji ta biyu. Daga nan shiru. Amma ta gilashin ya lura duk sa'ad da ta tura ƙara, kafaɗarta ta dama na ɗan motsawa. Ya riƙa dannawa. Har sau bakwai.

Ta buɗe ƙofa. "Baba, na ƙarshen nan ban tura komai ba. Biro na ɗauka."

"'Yata, saura shekara biyu in yi ritaya."

"Na gani a takardarka. Amma in mota ta taho ta bayanka, ba kafaɗar da za ka kalla."

Ta ja labule, ta sake daga farko. Ya zauna da ɗan yatsa a kan maɓalli, yana jira. Bai danna ba.

Da ta dawo, ya riga ya cire katin daga wuyansa. Ta tsaya daidai gabansa, ta yi magana a hankali.

"Ofishin ɓatattun kaya na neman mutum. A zaune ake aikin."

Ya tambaye ta a hawa na nawa ofishin yake.