Ganye a Dantsen Graeme

Narelle Kovac tana naɗe wa wata ma'aikaciyar asibiti sabon zanen jiki na allura da tawada da ta yi mata a idon sawu, sai ta ji muryar da ta fi tsana a duk Canberra tana tambaya ko layi ya zo kan mai ita.

Ta ɗago. Graeme Tully ne tsaye a bakin ƙofar shagon, ya ƙara tumbi, yana dogara sanda, a hannunsa burodi da sosej, albasa na zuba a kan rigarsa.

"Tsohuwar maƙwabciya! Kwana da yawa," in ji shi. "An ce duk garin nan babu mai hannunki."

Tun da dokar Canberra ta yarda kowane baligi ya shuka 'yar wiwinsa a bayan gida, Narelle ta mayar da filin bayan shagonta dandali duk Asabar ɗin ƙarshen wata. Ana gasa nama, makaɗa na kiɗa, tsofaffi masu ciwon gwiwa da samarin jami'a na gardama kan taki da ƙwari, ita kuma tana yi wa mai so ƙaramin zane a jiki. Mutanen da a da ko gaisuwa ba ta haɗa su, yanzu har sun san sunayen karnukan juna. Wannan ne karon farko da Graeme ya leƙo.

Shi ne ya kira wa yayanta Ivo 'yan sanda, a shekarun baya, saboda rigimar shinge kawai. Ivo ya shuka ganyen ne don mahaifiyarsu, wadda ciwon daji ya hana ta barci da cin abinci. Aka zo aka tuge komai a gaban idonta. Kotu ta kama shi da laifi, aka raba shi da tuƙin motar 'yan makaranta, matarsa ta kwashe yara ta koma Perth. Tsohuwar ta cika tana nishi, ana tsakiyar shari'a. Ga shi yau abin da aka kashe masa rayuwa a kansa, a fili ake hirarsa ana cin sosej.

"Me za a zana maka?" ta tambaya tana sauya safar hannu.

"Ganyen nan mana! A nan, a dantse, ya fito sosai." Ya zauna da ƙyar, kujera ta yi ƙara. "Ke, abin nan ya cece ni. Bayana ya kusa kashe ni, ƙwayoyin likita sun ƙi. Wa zai ce ni Graeme zan zama ɗan wiwi?"

"Wa zai ce," in ji Narelle.

Ta aske gashin wurin, ta shafa magani, ta kunna injin. Allura ta shiga fata. Ta tagar baya tana hango Ivo a kan dandamalin katako, ya sunkuya kan jitarsa, furfura ta cinye masa kai. Jama'a na tafi suna kiran sunansa. Kowa a nan cewa yake Ivo waliyyi ne, bai taɓa ambaton Graeme da mugun baki ba. Ko ɗazu ta ga sun yi musabiha a wajen gashin nama.

"Wayyo! A hankali, yarinya, ba fatar kada ba ce."

"Haka wurin yake da zafi."

Ta yi tunanin karkatar da layin, ko ta nutsa allurar har tawada ta baje ta zama kamar kashin tsuntsu. Amma sunanta ne zai ɓaci, shi kuwa ya sa doguwar riga ya rufe. Sai ta tsaya ta yi aikin da kyau, tana jiran kalma ɗaya daga bakinsa. Ko da ta ban haƙuri ce rabi da rabi.

"Yayanki mutum ne," Graeme ya ce yana cije leɓe. "Na ce masa abin da ya wuce ya wuce. Lokacin doka ce, ni kuma mai bin doka ne. Ai ba ni na rubuta ta ba."

Injin ya ɗan tsaya a hannunta, sannan ya ci gaba.

"Kana shukawa kenan?"

"Yau zan fara!" Ya sassauta murya yana dariya. "Wani ya ba ni dashe, yana bayan akori-kurata, na lulluɓe da tamfol. Yanzu ina wajen 'yata a Queanbeyan, tsallaken iyakar jiha. Na san can ɗin haramun ne har gobe, amma wa zai tsayar da tsoho mai sanda? Kar dai ki faɗa wa kowa."

"Ni? Haba, maƙwabci."

Ta gama, ta goge, ta riƙe masa madubi. Ganyen ya fito tsaf, kore shar, kowane yatsa da tsininsa. Graeme ya fita yana nuna wa jama'a dantse, ana yi masa shewa.

Narelle ta ce wa na layi su ba ta minti kaɗan. Ta bi ta gefen shago zuwa inda ake ajiye motoci. Farar akori-kura na nan, tamfol shuɗi ya yi tozo a baya. Ta karanta lambar, ta koma bayan tankin shara, ta kira 'yan sandan can tsallaken iyaka. Ba ta ba da sunanta ba. Ta faɗi launin mota da lamba da babban titin da zai bi, ta ƙara da cewa direban ma ya sha kafin ya tuƙa. Wannan ba ta tabbatar ba, amma ta faɗa. Da ta kashe wayar sai ta ji yunwa, irin wadda ta daɗe ba ta ji ba.

Rana ta yi sanyi, makaɗa suka tashi, aka fara kwashe kujeru. Tana tsaye da ragowar burodi a hannu ta hango Graeme ya tayar da mota. Sai ga Ivo ya buɗe ɗaya ƙofar, ya cusa jitarsa, ya sa ƙafa ɗaya ciki. Shi ma a Queanbeyan yake haya, kuma bas ɗin Asabar sai an sha jira.

Burodin ya faɗi daga hannunta.

"Yaya! Yaya Ivo! Sauko, ni zan kai ka."

"Ke da ke da sauran aiki? Bar shi, hanyarmu ɗaya da Graeme."

"Na ce ka sauko. Lasifikar nan ta fi ƙarfina, sai ka kama mini."

"Ga samarin nan su Lachlan can, ƙarti har…"

"Yaya."

Ivo ya tsaya. Ya dubi fuskarta, ya dubi wayar da ta damƙe a hannu, sannan ya waiwaya ya kalli shuɗin tamfol ɗin. Ya daɗe yana kallonsa, irin kallon wanda ya gane. Narelle ta san halinsa: yanzu zai zagaya ya sauke tukunyar dashen, ya ce ai a bar ta nan tukuna, ya kuma kalle ta da idon nan irin na mahaifiyarsu.

"To, ya ake ciki?" Graeme ya leƙo. "Za ka ko ba za ka ba, mutumina?"

Ivo ya zaro jitarsa a hankali, ya rataya a kafaɗa. Ya rufe ƙofar, ya ɗan bubbuga rufin motar da tafin hannu.

"Yi gaba abinka, maƙwabci," ya ce. "Ka bi babban titi, ya fi sauri."