Tagwayen A-kori-kura

Hamma ya kasa zama. An ajiye masa benci a inuwar dalbejiyar da ke bakin garejin Na'Allah a Kazaure, amma da ya ɗosana sai ya miƙe, ya zagaya motarsa yana jan ƙafar hagu, ya leƙa ƙarƙashi, ya dawo.

"Kai Bafillace, ka zauna mana," in ji Na'Allah daga cikin ramin da yake aiki a ƙarƙashin motar. "Kana tare mini haske. Ba saniya ce za ta haihu ba."

Na'Allah Babarbare ne ta wajen uwa, don haka kullum suka haɗu sai sun taɓa wasa. Yau Hamma bai rama ba.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce fara, kuma da ita yake ci. Kowace safiya yakan bi rugagen da ke tsakanin Gwiwa da Roni ya kwashi madarar mata a cikin manyan gwangwanaye, ya kai cibiyar tattara madara a Kazaure kafin rana ta yi zafi. Tun da wani bijimi ya danne shi a jikin garu ƙafarsa ta hagu ta sandare, ba ta iya taka kuloci. Shi ya sa ya nemi mota otomatik, mai canza giya da kanta. To, giyabos ɗin nan ne ya mutu a makon jiya, a hawan dutsen da ke gab da shiga gari.

Ga shi damina ce, madara ta yi yawa. 'Yan acaɓan da suka riƙe aikin kafin a gyara motar suna zubar da ita a hanya, abin da ya isa kuma sau da yawa ya fara tsami, sai a mayar da shi. Goggo Tasalla, ƙanwar mahaifinsa, ita ce shugabar matan, kuma ta gaya masa ƙarara: akwai wani mutumin Babura mai mota da ke neman hanyar. In gobe da safe Hamma bai zo ba, za su ba shi, kuma ba za su karɓe ba.

Mafitar da Hamma ya gani tana bayan gidansu. Can motar ƙaninsa Muhsin take, tun da ta kife a kwazazzabo bara ta lotse, kaji suna ƙwai a cikinta. Muhsin ya ce a cire duk abin da ake so. Da Hamma ya kira Na'Allah a waya ya gaya masa, abu ɗaya bakaniken ya tambaya.

"Shekararsu ɗaya?"

"Ɗaya mana! Rana ɗaya suka shigo gidanmu, shekarar da aka haƙa mana burtsatse. Hassana da Usaina ma ake ce musu."

Kuma iyakar gaskiyarsa ya faɗa. A gidansu ana lissafin shekarun abu ne daga ranar da ya zama na gida, kamar yadda ake yi wa maraƙi. Ga motocin fuska ɗaya, fitilu iri ɗaya, fenti ɗaya. Sai aka kwance giyabos ɗin motar Muhsin, aka ɗora a amalanke zuwa bakin titi, daga nan aka sa a keke mai ƙafa uku zuwa Kazaure, duk jikinsa busasshen taɓo da kashin kaji.

Da farko komai ya tafi daidai. Na'Allah da abokan aikinsa suka ɗaga shi suka haɗa da injin, kowane noti ya shiga raminsa. Hamma ya fara murmushi. Wajen azahar ne ya ji ƙarar sifana ta tsaya, shiru ya yi tsawo.

"Mene ne?" ya tambaya yana sunkuyawa.

Na'Allah ya nuna masa wani soket da ya fito daga jikin giyabos ɗin bayan ya kankare taɓon, wayoyi na reto a jikinsa. "Wannan ba shi da wurin shiga. Na duba ko'ina. Tsohon naka ba shi da irinsa."

"To ka bar shi mana. Ƙila na ado ne."

"Ba a yi wa ƙarƙashin mota ado, Hamma."

Duk da haka suka zuba mai, aka sauko da motar. Hamma ya shiga, ya tayar, ya ja sandar giya zuwa harafin D kamar yadda ya saba, ya taka totur. Injin ya yi ruri, motar kuwa ta ɗan matsa da ƙyar, kamar saniyar da ta kafe a laka. Ya ƙara takawa. Wani wari mai zafi ya fara tasowa.

"Kashe! Kashe ta!" Na'Allah ya buga bonet da tafin hannu.

Daidai nan wayar Hamma ta yi ƙara. Goggo Tasalla ce.

"Hamma, yau ma an dawo mana da madarar. Zaituna kuka take yi, duk tatsar da ta yi ta tashi a banza."

"Goggo, ana kan aiki. An kusa."

"Jiya ma an kusa ka ce. Ni ɗana ne kai, amma sauran matan ba su haife ka ba. Mutumin nan ya ce zai zo da safe ya tsaya a gindin tsamiyar da kake fara lodi."

"Zan riga shi, Goggo."

"Allah Ya sa," ta ce, ta kashe.

Na'Allah ya karɓi wayar ya kira Muhsin, ya ce ya buɗe bonet ɗin motarsa ya turo hoto, ya kuma leƙa ƙarƙashin akwatin da ke gaban kujerar fasinja. Da hotunan suka iso, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗauki sukundireba ya kwance fitilar gaban motar Hamma, ya kira shi.

"Dubi nan. Ka ga waɗannan ramukan da ba kowa a cikinsu? Mazaunin tsohuwar fitila ne. Ga walda a gefe. Kafin a sayar maka, wani ya cire mata tsohuwar fuska ya sa mata ta 'yan baya, don ta yi kyan gani a kasuwa. Ana yi sosai. Motarka ta girmi ta Muhsin nesa ba kusa ba."

"Amma ai notunan sun shiga."

"Sun shiga, don gangar injin ba ta canza ba. Abin da ya canza shi ne mai ba da umarni. Naka na da, matsin mai ne ke gaya masa lokacin canza giya. Na Muhsin kuwa wata 'yar na'ura yake saurara, wadda muke ce wa ƙwaƙwalwa, ta wannan soket ɗin. Motarka ba ta da ita. Da bai ji kowa ba, sai ya zauna a babbar giya ta gudu, shi ya sa ba ta iya tashi." Ya goge hannu da tsumma. "Ni ma da na wanke shi kafin in ɗaura, da na gani."

"A ciro ƙwaƙwalwar ta Muhsin a sa mata."

"Ba za ta gane injinka ba, naka mai kafireto ne. Sai dai in shiga Kano in nemo na shekarunta. Ba aikin yau ba ne, ba na gobe ba."

Hamma ya juya. Ya taka har bakin titi, ya tsaya yana kallon kekuna na wucewa, ya dawo. Ya ciro waya zai kira Goggo, ya mayar aljihu. Ya yi tunanin ya ari mota mai kuloci ya sa wani ya tuƙa, ya tuna ba wanda ya san waɗannan hanyoyin in ruwa ya cinye su. Aka kira la'asar, ya yi salla, amma ko a sahu hankalinsa na gindin tsamiya.

Da suka dawo, wata motar ɗaukar hatsi tana jiran ramin. Na'Allah ya ce a tura ta Hamma gefe. Hamma ya ce ba mai tura masa mota kamar gawa. Ya shiga ya tayar, hannunsa na ta kai da kawo a kan sandar giya don ɓacin rai, har ya ja ta can ƙasa, zuwa harafin L da bai taɓa amfani da shi ba. Ya taka totur da ƙarfi.

Motar ta zabura. Saura kaɗan ta kwashe bencin.

"Bafillace zai kashe mu!" Na'Allah ya yi tsalle gefe. Sai kuma ya tsaya cak. Ya zagayo da sauri ya buɗe ƙofar fasinja ya shiga. "A ina ka sa ta? Sake. Mu hau titi."

Suka hau. Da injin ya fara kuka, Na'Allah ya ce ya tura sandar zuwa lamba biyu. Motar ta yi wani nishi, ta yi kamar za ta saki jiki, sannan ta kama. Da suka miƙe a shimfiɗaɗɗen titi ya ce ya kai ta D, ta tafi sumul.

"Na taɓa ji a bakin maigidana cewa wasu daga cikin irin wannan, in ba ƙwaƙwalwa, hannu suke bi," in ji Na'Allah. "Ban taɓa gwadawa ba. Giya ɗaya ta ɓace a tsakani, shi ne nishin da ka ji. To saurara. Kada ka kuskura ka tashi a D. In za ka tsaya, ka dawo da ita ƙasa. In ka ji warin nan, ka faka ta huce. Wannan lallaɓawa ce kafin in samo na gaskiya, ka ji ko?"

"Ba kuloci dai?"

"Ba kuloci."

"To ai ni ƙafa ce ba ni da ita, bawana. Hannu kuwa biyu gare ni."

Washegari rana na fitowa ya isa gindin tsamiya. Mutumin Babura ya riga shi, yana zaune a kan bonet ɗin motarsa, amma ba a ɗora masa komai ba tukuna. Matan na tsaye da gwangwanayensu suna duban Goggo Tasalla. Ita kuwa ta dubi farar motar sama da ƙasa.

"Za ta kai?"

"Za ta kai, Goggo."

"Da ni za a je. In ta tsaya a hanya, a idona."

Ta ba mutumin haƙuri, ta ce ya dakata zuwa gobe a ga abin da Allah zai yi. Aka yi lodi.

A hanya Hamma ya duƙufa kan tuƙi. Kunnensa na kan injin, hannunsa na kan sanda. A kowace ruga sai ya dawo da ita ƙasa, ya tashi a hankali don kada madara ta girgiza. Sau ɗaya ya manta a wajen Roni, motar ta yi ruri ba ta motsa ba, Goggo ta harare shi, ya yi maza ya gyara. Da suka tunkari dutsen da tsohon giyabos ya mutu a kansa, ya ja sandar zuwa lamba biyu. Lamba biyu ta fara gazawa tun a tsakiyar hawan. Ya bari gudun ya ragu sosai, ya ja zuwa L. Motar ta kama, ta riƙa hawa tana kuka, 'yan acaɓa na wuce su suna waiwaye.

"Wannan ai da jaki muka hau," in ji Goggo, hannunta riƙe da ƙofa.

Suka gangara cikin gari. A cibiyar, ma'aikaciyar ta buɗe gwangwanin farko, na Zaituna, ta ɗiba ta gwada, ta ce a shiga da shi. Haka na biyu. Hamma na tsaye a jikin motar yana shinshina ko akwai wari, bai zauna ba sai da aka sauke na ƙarshe.

Goggo Tasalla ta gyara mayafi, ta miƙo masa hannu.

"Tawa ba kuɗi, ba ni wayarka in kira mutumin nan, kada ya wahalar da kansa gobe. Kai kuma ka wuce wajen Babarbaren naka ka tsaya masa a ka, har sai ya tafi Kano."