Daular Hawa Na Goma Sha Huɗu

Lokacin da na sauka Kuala Lumpur karatu, abu na farko da 'yan'uwa suka koya mini ba hanyar jami'a ba ce, hanyar gidan Maman Kausar ce. In an sauko daga Juma'a sai ka hau jirgin LRT ka sauka Wangsa Maju, ka shiga dogon benen da ke bayan tashar, ka danna sha huɗu. Tun daga cikin lif ƙamshin daddawa zai yi maka jagora. A bakin ƙofa kuwa takalma ne rututu, wani kan wani. Na taɓa ƙirga ashirin da uku.

Sunanta Ɗelu, amma babu mai kiranta haka sai mijinta. Ta biyo shi ne ya zo yin digirin digirgir, ta bar 'yarsu ɗaya tilo, Kausar, tana jami'a a Kano. Malayanci bai zauna a bakinta ba, Turanci ma sai dai a gaisa. Ranar Juma'ar nan ita ce duniyarta. Tun Laraba take shiri, ta je Brickfields ta sayo kayan yaji, ta buɗe akwatin da take ɓoye kuka da busasshiyar kuɓewa, ta tuƙa tuwon shinkafa mai isar rabin unguwa. A falonta ake sanin wanda ya zo da wanda zai koma, a nan ake sasanta masu faɗa, a nan ma aka ƙulla aure biyu.

Mijin, Malam Mika'ilu, Bakano ne, masanin tarihi. Bincikensa kan yadda manyan dauloli suke tashi da yadda biranensu suke faɗuwa ne: Gao, Bagadaza, Ƙurɗuba, da Melaka ta nan kusa da mu. Mutum ne mai kirki na gaske, sai dai Allah ya ɗora masa son bayani. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya fara maka da wanda ya ƙera agogo. Ni kuwa Bazazzage ne, sunana Fatihu, don haka tun ranar farko muka san matsayin juna. Ya ce an kawo masa bawa har gida, na ce ai ubangida ne ya zo duba talakawansa.

A shekarar farko abin yana tafiya daidai. Sai an ci an ƙoshi Malam yake gyara zama ya ɗauko daularsa ta ranar. Mu kuwa ciki ya cika, fanka tana kaɗawa, wasu su jingina da bango su lumshe ido suna gyaɗa kai. Shi a ganinsa fahimta ce take ratsa su. Kowa ya samu abin da ya zo nema, babu wanda aka cuta.

Matsala ta faro ranar da Adnan, wani ɗalibin injiniya, ya yi minshari daidai lokacin da mayaƙan Mongol suka iso ƙofar Bagadaza a cikin labarin Malam. Malam ya katse bayani ya dube shi. Juma'ar da ta biyo baya muka tarar da sabon tsari. Ya liƙa taswira a bango, ya sayo ɗan allo da alƙalami, ya sanar da mu cewa ciki in ya cika ƙwaƙwalwa barci take yi, saboda haka daga yau darasi ne kafin abinci.

Ku dubi wannan lamari don Allah. Mutum ya fito masallaci da yunwa, ya sha rana, ya sha cunkoson jirgi, ga kwanukan tuwo a jere a kan tabarma an rufe, ga ƙamshin man shanu, a ce masa sai Bagadaza ta gama faɗuwa. Bagadaza kuwa a bakin Malam ba ta faɗuwa ƙasa da awa ɗaya da rabi. Daga baya ma ya ƙaro tambayoyi a ƙarshe, don a tabbatar an gane. Maman Kausar takan leƙo daga kicin ta dubi kwanukan ta koma. Sau biyu tana kwashe miya ta sake ɗumamawa.

Takalma suka fara raguwa. Sha takwas, sha ɗaya, bakwai. Kowa da uzurinsa: wannan yana da taro da malaminsa, wancan ruwan sama ya tare shi, kamar a garin nan ruwan sama baƙo ne.

Malam ya lura, ai aikinsa ke nan. Sai ya ɗauki lamarin kamar yadda yake ɗaukar Gao, ya shiga binciken dalilai. Ya shaida mini cewa birni ba ya mutuwa haka kawai. Dalili na farko, in ji shi, sauyin hanya ne: ɗalibai da yawa sun koma zama can nesa, ayari ya daina bi ta Wangsa Maju, kamar yadda biranen bakin hamada suka yi sanyi da fatauci ya koma teku. Na biyu harin waje ne, wato wani gidan abincin Larabawa a Bukit Bintang da yake zuba shinkafa da nama kamar ba gobe. Na uku lalacewar sabon zubi, yaran yanzu da suke danna waya a kawo musu abinci har ɗaki. Ya zana duk wannan a allo, da kibiyoyi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, amma ban taɓa ganin wanda ya hau tudun da taswira a hannu ba sai shi.

Wata Juma'a ni kaɗai na zo. Takalmina guda a bakin ƙofa, sai na Malam. Ya yi mini faɗuwar Melaka tun daga zuwan jiragen Turawa har gudun sarki, ni ɗaya tal, ba wanda zan ɓuya a bayansa. Da na kai kwano kicin na tarar da Maman Kausar tana zuba tuwon mutum ashirin a robobi, wai in tafi da shi in raba wa yara a ɗakunansu. Ba ta yi ƙorafi ba. Ta dai ce in an yi hutu za ta je ganin Kausar, kuma ba ta jin za ta dawo, tunda dai Malam ya iya dafa taliya. Ta faɗa tana murmushi, amma idonta ya ciko. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san wannan matar ba ta da kowa a ƙasar nan sai mu, mu kuma mun gudu mun bar ta saboda Mongol.

Na tambaye ta me ya hana ta gaya masa. Ta ce shekara huɗu yana rubutun nan, malaminsa sau ɗaya a wata yake sauraronsa, ita kuma ba ta gane rabin abin da yake faɗa. In ta hana shi wannan, da wa zai yi magana?

Malam ya rako ni tasha, ina riƙe da ledojin tuwo, yana ta ƙarin bayani kan dalili na biyu. A gindin matakala na tsaya. Abin da ƙanƙanta ba za ta bar ni in faɗa ba, wasan da ke tsakaninmu ya ba ni izini.

Na ce, “Malam, akwai theory ɗaya da ba ka saka a allo ba.”

“Wacce, bawana?”

“Wani birnin ba hanya ce take kashe shi ba, ba kuma maƙiya ba. Sarkin ne yake tsare talakawa da jawabi alhali tuwo yana hucewa.”

Ya yi dariya, ya ce Bazazzage dai ba ya wuce cikinsa. Ni ban yi dariya ba. Na gaya masa babu wanda ya koma nesa sai mutum biyu, shinkafar Larabawa kuma ba ta kama ƙafar miyar kukar gidansa ba. Na gaya masa maganar hutu da matarsa ta yi. Dariyar ta tsaya a fuskarsa, ta rasa inda za ta. Jirgi ya zo ya wuce. Can ya ce in gaida mutanen ɗaki, ya juya. Na hau jirgi na gaba ina jin kamar na mari babana.

Ranar Talata saƙo ya shigo zauren wayarmu daga Malam da kansa. Yana ba jama'a haƙuri, wai malaminsa ya sa masa ganawa duk Juma'a bayan salla har la'asar, don haka ba zai samu damar gabatar da darasi ba sai abin da hali ya yi. Mutane suka yi ta aiko da Allah ya ba da sa'a, da saurin da ya kamata su ji kunya.

Juma'ar farko takalma tara. Ta biyu sha huɗu. Wanda ruwan sama yake tarewa ya zo a jiƙe sharkaf. Adnan ya dawo da sabbin ɗalibai biyu. Taswirar tana nan a bango, wani ma ya rataya hularsa a ƙusar da ke saman Bagadaza. Maman Kausar ta koma faɗanta na da, tana cewa wane bai ci nama ba, wance ta rame. Maganar hutu ba ta sake tashi ba.

A Juma'a ta uku ana tsakiyar ci ta yafito ni kicin. Ta miƙo mini kula biyu a leda, da cokali biyu.

“Kai wa Malam. Yana mamak ɗin nan na ƙasa, shagon shayi, teburin da ke kusa da fanka.”

Na ce ba yana wurin supervisor, malamin nasa, ba?

Ta ce, “Supervisor ɗin da ya tafi Landan tun watan jiya? Ta tagar nan nake hango hular Malam. Kada ka ce na sani.”

Na sauka. Yana nan kuwa, a shagon shayin Indiyawan da ke fuskantar ƙofar benen, da kofin shayi da ya huce da littafi a buɗe wanda ba ya karantawa. Ya zaɓi kujerar da zai riƙa ganin duk mai shiga. Da ya gan ni ya yi yunƙurin rufe littafin kamar yanzu ya dawo, sai ya ga kular ya fasa.

“Takalma nawa?” ya tambaya.

“Sha tara, Malam.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce a duk karatunsa bai ga birane da yawa da suka faɗi suka sake tashi ba, wannan kam sai a saka shi a babi na biyar na bincikensa. Tausayinsa ya kama ni. Mutumin nan mako uku ke nan yana zaman gudun hijira a gindin gidansa, yana sauraron hayaniyar falonsa daga nesa.

Na ja kujera na zauna, na buɗe kulolin. Tururi ya tashi, mai shagon ya leƙo ya ce boleh, boleh, wato babu komai, mu ci abinmu.

Na ce, “Malam, wai ni har yau ban gane ba. Gao da duk ƙarfinta, yaya aka yi rundunar da ta tsallako hamada ta ci ta da yaƙi?”

Idonsa ya yi haske. Ya gyara zama, ya ɗaga yatsa, ya buɗe baki, na ga daular Songhai, mai birnin Gao, gaba ɗaya ta taso ta tsaya a maƙogwaronsa. Sai ya dubi tuwon. Ya sauke yatsan a hankali, ya turo mini cokali.

“Ci tukuna, bawana,” ya ce. “Gao ta yi shekara ɗari huɗu a faɗe, za ta iya jira. Tuwon Ɗelu ne ba ya jira.”