Ɗakin da Ustinia ta shafa wa shuɗi

Tun da ɓarin jikin Agafia ya shanye, bakinta ya rufe. 'Yarta Ustinia ta ɗauko ta daga ƙauyensu na masunta da ke can cikin rassan kogi, ta kawo ta gidanta a birnin Tulcea, bene hawa na uku, ta ba ta ƙaramin ɗakin da take ajiye keken ɗinki. Tsohuwar tana ci, tana sha, tana bin mutum da ido, amma ko "uhm" ba ta cewa. Hunturu biyu suka wuce a haka.

Da bazara ta shigo, Ustinia ta dubi bangon ɗakin, ya yi ɗorawa-ɗorawa kamar haƙorin mashayin taba, ta ce ko mai lafiya ya wuni yana kallon wannan ai ya yi ciwo. Ta tafi shagon fenti. Mai shagon ya baje mata launuka, ta yi ta juyawa har idonta ya tsaya kan wani shuɗi mara ƙyalli, wanda ya yi kamar an barbaɗa masa toka.

"Wannan ai na masu takaba ne, baiwar Allah," in ji mai shagon. "Ga mai haske nan."

"Kai za ka kwana a ɗakin? Haɗa min shi."

Ta fito da gadon uwar falo, ta shimfiɗa tsofaffin jaridu, ta ɗaura kallabi. Ta shafa na farko, ta bar shi ya sha iska, ta ƙara na biyu. Da ya bushe sai ɗakin ya yi sanyi a ido, farin labulen da ta ɗinka ya fito fes. Ta mayar da hoton waliyyai kusurwarsa, ta ajiye kujera ɗaya gefen gado, sannan ta turo tsohuwar a keken marasa lafiya.

Suna ƙetare bakin ƙofa Agafia ta ɗaga kai. Ta dubi bango, ta dubi rufi.

"Wa ya buɗe ɗakin gaba?"

Ustinia ta saki keken. Muryar ta dishe, amma ita ce, muryar da ta saba kwaɗa mata kira daga bakin ruwa tana yarinya.

"Inna? Inna, me kika ce?"

"Na ce wa ya buɗe shi. Wa ya rasu?"

Sai a lokacin Ustinia ta tuna. A gidan kakanninta na ƙauye akwai ɗakin da ba a kwana, ba a barin yara su shiga. Nan ake sauke manyan baƙi, nan kuma ake shimfiɗe gawa kafin a kai ta coci. Tana ƙarama ƙwarai aka rushe gidan, ba ta san cewa launin ya zauna mata a kai ba.

"Ba wanda ya rasu, Inna. Ɗakinki ne, fenti na yi miki."

"To ɗora shayi. Za su zo."

Ustinia ta shiga kicin ta yi kuka har ta gode Allah. Ta buga wa yayanta Gavril waya, wanda ke aikin gini a Italiya, ta kara wa tsohuwar a kunne. Agafia ta ture wayar, wai tana da baƙi.

Daga ranar, kullum in rana ta ɗan karkata bayan an ci tuwon masara da miyar kifi, sai tsohuwar ta gyara zama ta fuskanci kujerar. Ta yi gaisuwa, ta tambayi hanya, ta yi shiru daidai tsawon amsa, sannan ta kwashe da dariya. Wadda ta fi ambata ita ce Fedosia, ƙanwarta, wadda kwalekwale ya kife da ita tana budurwa, ba a kuma ga gawarta ba. Likitar da ke zuwa duba ta ta ce ba abin damuwa ba ne, tsofaffi kan yi haka, tunda dai baki ya buɗe a gode.

Ustinia ma haka ta ɗauka, har ranar da ta zo kwashe kofuna ta dafa kujerar, ta ji shimfiɗar da ke kanta jiƙe sharkaf. Ta sansana hannunta: ƙarnin laka ne da ruɓaɓɓen ganyen ruwa. Ta duba rufi, ba yoyo. Uwar kuwa ba ta iya sauka daga gado, kofin shayin da aka zuba wa baƙuwa yana nan cike.

Ta kira maƙwabciyarta Vasilica, tsohuwar da ba a raba ta da tsegumi. Vasilica ta tako har bakin ƙofa, ta leƙa, ta yi alamar gicciye, ta ja baya.

"Shigo mana, Goggo."

"Ni? Allah ya kiyaye. Ke 'yar nan, duk launukan duniya ki rasa na zaɓa sai wannan? Ki mayar da shi fari tun wuri."

"Amma Goggo, magana fa take yi."

"Da ke take yi?"

Gaskiya ce, ba da ita take yi ba. Uwar takan ce mata kawo ruwa, rufe taga, matsa gefe. Hira da dariya duk na masu kujera ne.

Abin ya ci ta, ga tsoro ga kishi. Ta sayo farin fenti, ta ja gadon tsakiyar ɗaki, ta fara da bangon da ke fuskantar taga. Tana cikin shafawa ta ji shirun da ke bayanta ya yi nauyi. Ta waiwaya. Agafia ta juya fuska, hawaye na gangarowa ta gefen da ya shanye. A ranar ba ta ci ba. Washegari ta datse haƙora ta ƙi ko ruwa, magana kuwa ta koma inda ta fito.

Da safiya ta uku Ustinia ta ɗauko ragowar shuɗin daga baranda, ta rufe farin gaba ɗaya. Kafin fentin ya bushe tsohuwar ta ce a ba ta kunu.

Haka suka shiga tsakiyar zafi. Ustinia ta koyi shanya shimfiɗar kujera kowace yamma ba tare da ta tambayi kowa ba. Wata rana tana yanka albasa a kicin, ta ji uwar na dariya, sai kuma ta ji wata dariyar ta biyo baya, siririya, ta yarinya. Ta ajiye wuƙa ta taka a hankali. Ɗakin fayau da hasken rana, ba kowa sai tsohuwar.

"Kauce, kin take wa Fedosia gefen siket."

Ustinia ta ɗaga ƙafa ba ta san ta ɗaga ba.

Ranar wata Lahadi da hantsi, ana kaɗa ƙararrawar coci, Agafia ta ce a ɗauko mata farar rigarta da jan kallabi. Ustinia ta sa mata, ta taje mata kai.

"Ina za ki, Inna?"

"Sun kawo kwalekwale. Fedosia ta ce ruwa ya kwanta." Ta kama hannun 'yar, ta dube ta sosai, irin kallon da ta daɗe ba ta yi mata ba. "Kin rame. Ki riƙa cin abinci."

Ustinia ta fita ɗauko mata ruwa. Da ta dawo ta tarar ta cika, idanu a rufe, hannu biyu a kan ƙirji, har da hannun da ya shekara biyu bai motsa ba.

Gavril bai samu jana'iza ba, sai bayan mako guda ya iso, da ƙatuwar jaka da ƙarar murya. Da ƙanwar ta ba shi labari sai ya yi tsaki.

"Kaɗaici ne ya taɓa ki. Mu sayar da gidan nan ki biyo ni. Kujera jiƙe! To tsohuwa ba ta ɓarin shayi?"

"Yaya, ba ta iya kai hannu wurin."

"Bar ni dai in miƙe baya, na gaji. In sun zo na gaishe su."

Ya shiga shuɗin ɗakin ya ja ƙofa. Ustinia ta ɗora tukunya. Ruwan bai ko tafasa ba ta ga mutum tsaye a ƙofar kicin, takalma a hannu, fuska ta yi fari fat.

"Lafiya?"

"Inna ta ce..." Ya waiwayi ɗakin. "Ta ce gemun nan bai yi min kyau ba."

Bai tsaya cin abinci ba. Ya ɗauki jakarsa ya tafi tasha, bai kuma sake ɗauko zancen sayar da gida ba.

Ustinia ta tsaya a taga har ya sha kwana. Ita ce ta sha wahalar wanka da shara da juya majinyaciya, amma tun ranar jana'iza ba ta ji ko tari daga ɗakin ba, sai shi da ya zo yau-yau aka yi wa magana. Ta kashe murhu, ta wanke hannu, ta gyara kallabi. Ta shiga ta zauna a bakin gadon, ta bar kujerar.

"Inna, ni ce," ta ce. "Ba sauri nake yi ba."

Ta zauna har rana ta bar bangon. Ba a amsa mata ba a ranar. Washegari bayan ta ci abinci ta sake komawa.