Hannun Hagun Yatsa Goma

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni mai karanta rubutun mutane ce, ban taɓa yin nawa ba, shafin farkon nan ma sau uku ina yaga shi. In kun ga gargada, ku ɗauke kai.

Ƙarfe ɗaya na rana ta gota, sabon fiyanon da ke kan teburin guga a falo bai ce uffan ba. Baba ya danna farin maɓalli, ya danna baƙi, ya kara kunne a jikinsa kamar likita, shiru. Shekara talatin da ɗaya yana kiɗa a ƙungiya guda, har abokan sana'a suka laƙaba masa Yatsa Goma, amma bai taɓa ganin fiyanon da ba shi da sifika ba. Yaya, babban ɗansa, ne ya aiko da shi daga garin da yake aiki, haɗe da tsohuwar kwamfutarsa.

Dalilin aiken kuwa, makon jiya ne Dogo, shugaban ƙungiyar, ya tara su ya ce in kiɗa ya canja dole rawa ta canja: daga yanzu kowa da kwamfuta zai yi aiki. Ya ce da ƙarfe huɗu na yau zai zo gida ya saurari Baba. In abin bai yiwu ba, akwai wani matashi da ya daɗe yana hangen kujerar.

Mama ta leƙo daga kicin ta ce ko dai gawar fiyano aka aiko musu. Baba bai yi dariya ba. Ya ƙwala wa Auta kira.

Auta ba ta san kiɗa ba. Tun tana ƙarama ba a yarda kowa ya taɓa kayan Baba ba. Ita dai karatu, ko takardar cikin kwalin magani ta gani sai ta karance ta tas. Ta zo tana gyara gilashinta, ta zaro ɗan littafin da ke ƙasan kwali, ta zauna a kan tayil. Bayan shafi shida ta ɗago ta gaya masa, a hankali don kada ransa ya ɓaci, cewa abin lafiyarsa ƙalau. Midi ake ce masa, ba shi da murya tasa. Shi dai saƙo yake aikawa, an danna nan, an murɗa can, kwamfuta ce ke yin sautin.

Baba ya ce to ashe ɗan aike aka sayo masa.

Ta soka waya ta haɗa su. Ta buɗe manhajar kiɗan, layuka da akwatuna suka cika allo har idonta ya raina fata. Ta kira Yaya sau huɗu, bai ɗauka ba. Da ƙyar ta gano inda ake zaɓar sunan fiyanon a jerin kayan da manhajar za ta saurara, ta buɗe layi guda, ta ɗora masa sauti. Baba ya danna. Sauti ya fito, amma sai bayan yatsansa ya riga ya tashi, kamar mai amsa sallama daga banɗaki. Ya ce shi ba zai iya kiɗa da abin da ke tafe a bayansa ba. Ta koma littafi, ta rage wata lamba a cikin saitin, sauti ya kamo yatsa. Ƙarfe biyu da kwata.

Saura babban aikin. A waƙoƙin ƙungiyar, Baba kan sauya murya a tsakiyar kiɗa, daga fiyano zuwa ƙaho, ya ɗaga sauti, ya sauke. A saman sabon fiyanon akwai 'yan murɗe-murɗe guda takwas, kuma kowanne sai an ɗaura shi da aikinsa a kwamfuta. Littafin ya ce abu ne mai sauƙi: ka danna alamar koyo, ka nuna abin da kake so a allo, manhajar za ta tsaya tana sauraro, duk abin da ya fara motsi a jikin fiyanon shi za ta ɗaura wa aikin.

Auta ta danna koyo, ta nuna ƙarar sauti, ta ce Baba ya murɗa na farko. Kafin hannunsa na dama ya kai, manhajar ta riga ta ɗaure. Ta duba: wai da wata 'yar taya da ke gefen hagun fiyanon, wadda ake gangarawa don sauti ya yi rawa. Ta goge, ta sake. Taya. Ta gwada da ƙaho. Taya. Ta kashe kwamfuta ta kunna, ta sauya ramin waya, ta hura bakin wayar kamar yadda ta ga ana yi. Gumi ya jiƙa mata wuya. Baba yana zaune a gaban fiyanon yana cewa dama ya faɗa, abin da aka yi wa yara ba zai karɓi tsoho ba. Ƙarfe uku saura.

A kusurwar allo akwai wani ɗan ɗigo kore da ke ƙiftawa duk lokacin da saƙo ya shigo. Sai a lokacin ta lura ba ya hutawa. Babu mai danna komai, amma yana ta ƙifce-ƙifce. Ta bi wayar da ido har zuwa fiyanon. Hannun Baba na hagu yana kwance a gefe, inda ya saba ajiye shi shekara da shekaru kafin a fara kiɗa, babban yatsansa a kan tayar. Yatsan yana rawa. Kaɗan ne, ido ba zai kama ba sai an ƙura, amma kwamfuta tana kamawa.

Ta tuna yadda a 'yan watannin nan yake cusa hannun a aljihu in ana hira, da yadda ya daina ɗaura agogo da kansa.

"Baba, ɗaga hannunka na hagu."

Ya ɗaga. Ɗigon ya mutu. Su biyun suka zuba masa ido, daga kicin ana jin ƙarar famfo.

"Mamanki ba ta sani ba," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Dogo ma haka."

Ya gaya mata wata bakwai ke nan. A kan tsohon fiyanonsa yana ɓoyewa, don maɓallansa masu nauyi ne, ga hayaniyar ganga. Wannan kuwa ko numfashi ka yi masa sai ya kai rahoto. Ta so ta tambaye shi asibiti, ta dubi agogo, ta haɗiye.

Ta sa shi ya ɗora hannun a cinya. Cikin minti biyar ta ɗaure murɗe-murɗen duka, kowanne da aikinsa, ta raba tayar da komai. Ya gwada waƙa. Dama tana gudu kamar da, hagu kuwa, da ke kama maɓalli uku a tare, tana zamewa tana taɓa na maƙwabta, sabon fiyanon kuma yana faɗar kowane kuskure da babbar murya. Ya tsaya a tsakiya. Ya ce ta mayar da shi kwali.

Auta ta ƙi tashi. Ta dinga buɗe shafuka har ta kai wani wuri da ta tsallake ɗazu. Ana iya koya wa maɓalli ɗaya ya fitar da sauti uku a tare. In ya danna sau ɗaya ya taka fedar da ke haɗe da fiyanon a ƙasa, sautin zai tsaya ko da ya janye yatsa.

"Shekara talatin ina kama uku da yatsa uku," ya ce, "yau ki ce in danna ɗaya kamar mai buga ƙararrawar ƙofa?"

"Ni ban san waɗanne ukun ba ne, Baba. Kai ka sani. Ka nuna mini da dama, ni in ajiye."

Baba ya miƙa hannun dama ya kama na farko. Haka suka yi ta yi, yana kamawa tana ajiyewa, yana gyara mata in ta ɗora a inda ba nan ba. Bakwai suka samu. Ta yayyanka farar takarda ta liƙa a kan kowane maɓalli. Suna kan na takwas aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Dogo ya shigo yana sunkuyar da kai, ya gaida Mama, ya tsokani Auta wai malamar gida yau an sauko daga kan littafi. Ya zauna a hannun kujera ya ce to Yatsa Goma, a ji.

Baba ya fara. A baiti na biyu ya danna maɓallin da bai kamata ba, ya gyara. Da aka zo wurin ƙaho ya murɗa, ƙaho ya fito. Auta tana tsugune a bayan teburin guga. Dogo ba allon yake kallo ba. Idonsa na kan yatsa ɗayan da ke sauka ya koma cinya, da 'yan takardun da aka liƙa.

Da waƙar ta ƙare ya tambaya ko wannan sabon yayi ne.

Baba ya ɗaga hannun hagun sama, a gaban Dogo, a gaban Mama da ke tsaye bakin ƙofar kicin da tsumma a hannu. Ya bar shi yana rawarsa.

"Ba yayi ba ne. Ga shi nan."

Dogo ya shafa gemu, ya ce waƙoƙi masu sauri sun fi ƙarfin maɓalli bakwai, waɗannan dole ya ba matashin nan mai hangen kujerar, kada su yaudari juna. Amma masu sanyin nan guda huɗu, babu wanda zai taɓa su sai Baba, in dai zai zo gwaji ranar Laraba da wannan ɗan aiken nasa. Baba ya ce biyar. Dogo ya ce ashe ciwon bai kama bakin ba, a sake buga ta farkon ya ji.

Mama ta ajiye tsumman ta zo ta zauna a gefen hagun Baba. Auta ta miƙa hannu ta danna ajiye sau biyu, don kada aikin ya ɓace. Ta bi ta bayan kujera da rarrafe, ta shige ɗaki, ta janyo ƙofar a hankali.