Kujerar Mai Kati

"Ba zan sauka ba," in ji Zulaihat.

Bala ɗan kamasho ya sake zuro kai ta ƙofar bas ɗin. "Malama, mi kika ce?"

"Ka ji ni sarai, Malam Bala."

Ba a daɗe da komawar soja bariki ba wani kamfanin motoci ya ɓullo da katin wata a Katsina. Ka biya sau ɗaya ka hau duk motarsu, ko Ƙofar Ƙaura za ka ko Legas. Zulaihat sabuwar malamar firamare ce, an tura ta wani ƙauye a hanyar Jibiya. Ta ga katin bai kai rabin abin da mota ke cinye mata a wata ba, sai ta saye shi da albashinta na fari. Abin da ba a gaya mata ba, direba da ɗan kamasho a kuɗin hannu suke samun na cefane. Shi ya sa a tashar Ƙofar Guga, in mota ta cika mai kuɗi ya iso, mai kati ake saukewa a ce ya jira ta baya.

Yau mai kuɗin wani Alhaji ne, yana tsaye a bakin mota yana duban agogo.

"Ta baya na nan tahe," in ji Bala.

"Jiya ma haka ka ce, sai da hantsi ya dubi ludayi na isa makaranta. Na biya kuɗin kujerar nan tun farkon wata."

"A ofis kika biya. Ni ban ga ko sisi ba."

"To ka je ofis ɗin ka tambaya."

Haruna direba ya kashe mota, ya zare makulli, ya koma gindin bishiyar bedi ya zauna.

Zafi ya cika motar. Jariri ya fara kuka a baya. Wani ya ce, "Ga 'yan boko nan, za su koya mana dimokuraɗiyya!" Aka yi 'yar dariya. Wata dattijuwa mai tallan daddawa da ke gefenta ta dafa ta.

"Ɗiyata, ki dubi Allah. Kasuwa za ta ci ba ni."

Wannan ta fi dariyar yi mata ciwo. Ta gyara riƙon jakarta.

"Ki yi haƙuri, Inna. Ba ni na kashe motar ba."

Ta kafa ido a gilashin gaba. Can wasu fasinja biyu suka ce a mayar musu da kuɗinsu. Sai ga Haruna ya taso yana huci, ya tada mota. Aka bar Alhajin a tasha.

Tun daga ranar, duk motar kamfanin da Zulaihat ta nufa a Ƙofar Guga sai a ce ta cika, ko da rabin kujerun babu kowa. Ta koma hawan acaɓa zuwa bayan gari, ta tsaya a bakin titi tana tarar motar kasuwa da kuɗin hannu. Katin ya ƙare a jakarta ba ta sake hawa da shi ba. Kafin wata ya mutu hedimasta ya ba ta takardar gargaɗi kan makara, albashin kuma bai kai ta ƙarshen watan ba.